Kuɗin tsintuwa: riƙewa ko cigiya?

Abban Sumayya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina so mu tattauna wata magana da ta raba kan jama'a a majalisarmu ta Fagge a nan Kano, kuma ina roƙon malamai da lauyoyin da ke cikinmu su sa baki. Wani matashi mai tuƙa adaidaita sahu ya sauke fasinjoji a bakin Kantin Kwari, sai da ya koma gida da daddare ya ga baƙar leda a bayan kujera, cike da ɗaurin 'yan dubu-dubu, babu takarda ko lambar waya a ciki. Mahaifiyarsa ta ce ba za a kwana da kuɗin mutane a ɗakinta ba, yayyensa kuma suka ce Allah ne ya dubi halin da gidan yake ciki, tunda ba aljihun kowa ya sa wa hannu ba. Abin da ya dame ni shi ne yawan mutanen kirki, masu sallah a sahun gaba, da suka goyi bayan yayyen nan ba tare da wata shakka ba. Mun ga yadda a shekarar 2023 wani matashi mai adaidaita a garin nan ya mayar da kuɗin da darajarsu ta kai kusan naira miliyan 15 ga wani baƙo ɗan kasuwa daga Chadi bayan ya ji cigiya a rediyo, kuma an yaba masa ƙwarai, amma duk lokacin da irin wannan labari ya fito a Facebook sai ka ga masu rubuta cewa ya yi wa arziƙi kulle. Shin mene ne hukuncin, kuma mene ne yake biyo bayan wanda ya riƙe?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam, Abban Sumayya. Kafin malamai su zo, bari in faɗi abin da wanda ba ya zaman kasuwa ba lallai ya sani ba. Wanda ya tsinci leda irin wannan yana zana wa kansa hoton mai ita, kuma kullum hoton wani hamshaƙin Alhaji yake zanawa, wanda ko ya rasa ba zai ji a jikinsa ba. A zahiri kuwa manyan 'yan kasuwa ba su cika ɗaukar tsabar kuɗi su shiga adaidaita ba. Wanda yake ɗauka shi ne yaron shago da aka aika Wapa ya yi canji, ko dillalin da ya karɓo kuɗin dilar atamfa zai kai wa mai kaya, ko baƙon da ya taso daga Maraɗi ko Damagaram da kuɗin mutum goma na garinsu, kowa ya ba shi saƙon abin da zai saro masa a Kwari ko Singa.

To ku duba abin da yake faruwa idan yaron shago ya dawo ya ce wa ubangidansa kuɗi sun faɗi. Da wuya a yarda da shi. Na ga yaron da ya yi shekaru yana hidima, ana gab da sallamarsa da jari, irin wannan tsautsayi ya faɗa masa, aka kore shi da sunan ɓarawo, mahaifinsa ya sayar da gona a ƙauye ya biya, kuma har yau babu mai ba shi ajiyar ko yadi ɗaya a layinmu. Wanda ya tsinci kuɗin nan bai san shi ba, wataƙila ma yana can yana cewa Allah ya kawo masa tsuntsu daga sama gasasshe, alhali kuwa ya cinye jarin wani da mutuncinsa da gonar ubansa a lokaci guda.

Mai Sahu na Kurna:
Alhaji, na ji maganarka kuma ban musa ba, amma ina roƙon a saurari ɓangarenmu, domin ni sana'ar nan nake yi. Yawancinmu ba mu ne masu mashin ɗin ba, kullum akwai balas da za mu kai wa mai shi ko an samu ko ba a samu ba, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 abin da muke sha a gidan mai ya ninka sau da yawa, fasinja kuwa yana ciniki a kan naira hamsin. Mutumin da ya bar gida babu cefane, ga kuɗin haya ya ƙare, ga yaro an koro daga makaranta, idan ya ga irin wannan leda ba ƙaramin yaƙi yake yi da zuciyarsa ba, kuma bai kamata wanda ya ci ya ƙoshi ya yi maganar kamar abu ne mai sauƙi ba.

Sannan akwai tsoro na gaskiya da ba a faɗa. Sau da yawa mutum yakan mayar da abin da ya tsinta, sai mai kaya ya ƙirga ya ce ai ba haka suke ba, saura kaza, daga nan mai alheri ya koma wanda ake tuhuma, ya kwana a tsare, 'yan uwansa su shiga neman kuɗin beli. Wani abokin sana'ata ya mayar da jakar wata mata, aka ce an cire sarƙar gwal daga ciki, sai da dattawan unguwa suka shiga tsakani. Tun daga ranar ya ce ko me ya gani a mashin ɗinsa ba zai ƙara neman mai shi ba. Ban ce ya yi daidai ba, amma ina so a san inda irin wannan tunani yake fitowa.

Malam na Zaure:
Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah ya saka wa wanda ya kawo tambayar da alheri, kuma ɗana Mai Sahu, maganarka tana da nauyi, zan zo kanta. Asalin wannan babi shi ne hadisin Zaidu ɗan Khalid Aljuhani, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Bukhari da Muslim ma suka ruwaito shi. Wani mutum ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da tsintuwa, sai ya umarce shi da ya gane jakar da abin yake ciki da igiyar da aka ɗaure ta da ita, sannan ya yi cigiya shekara guda, idan mai ita ya zo ya ba shi. Haka kuma Ubayyu ɗan Ka'abu ya tsinci jaka mai dinare 100, kuma umarnin da aka ba shi shi ne cigiya, ba a tambaye shi ko yana da buƙata ba. A Sahihu Muslim kuma an ruwaito cewa wanda ya ajiye ɓataccen abu shi ma ɓatacce ne matuƙar bai yi cigiyarsa ba.

A Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda ɗalibai suke karantawa a zaurukan garin nan tun kakanni, an tsara hukuncin a taƙaice. Wanda ya tsinta zai yi cigiya shekara a inda ake sa ran mai kaya zai ji. Idan shekara ta cika babu wanda ya zo, yana da zaɓi ya ci gaba da ajiyewa, ko ya yi sadaka da ita, ko ya yi amfani da ita, amma a biyun ƙarshe yana cikin lamuni, wato duk ranar da mai ita ya bayyana sai ya biya shi. Idan kuma ta salwanta a hannunsa ba tare da ya taɓa ta ko ya yi sakaci ba, babu biya a kansa, domin amana ce. Ku lura da wannan da kyau: ko bayan shekara guda ta cikakkiyar cigiya haƙƙin mai kaya bai faɗi ba, to ina ga wanda ya fara kashewa tun daren farko?

Akwai kuma abin da mutane ba su cika sani ba, wato hukuncin ɗauka tun farko. A Muhtasar na Shehu Halilu an bayyana cewa idan mutum ya san kansa da amana kuma yana tsoron wani maha'inci ya ɗauke, ɗauka ta zama wajibi a kansa, amma idan ya san zuciyarsa ba za ta iya riƙe amana ba, haramun ne ya ɗauka. Shari'a ta san raunin da Mai Sahu yake magana a kai, shi ya sa ta ce wa mai rauni ya bar abin a inda yake. Wanda aka manta kaya a mashin ɗinsa kuwa ba shi da wannan zaɓi, kayan sun riga sun shiga hannunsa, abin da ya rage masa shi ne ya gaggauta sanar da wani amintacce kafin waswasi ya yi ƙarfi. Talauci uzuri ne da yake halatta wa mutum karɓar zakka da neman taimako, amma ban san wani malami da ya ce yana halatta masa dukiyar wani da ya tsinta ba tare da cigiya ba.

Maman Ihsan:
Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya ta ɓangarenmu mata. Idan yarinya ta dawo daga islamiyya da naira ɗari biyu ta ce a hanya ta tsinta, ko aka yi biki a gida aka share tsakar gida aka ga naira dubu ko ɗan kunne ɗaya, shin wannan ma sai an yi shekara ana cigiya? Ina tambaya ne saboda na lura a nan ake fara koya wa yara maganar nan ta cewa tsintuwa ba sata ba ce, uwa ta karɓa ta sayi magi, yaro yana kallo.

Malam na Zaure:
Hajiya, malamai sun bambanta tsakanin abu ƙanƙani wanda mai shi ba zai waiwaya nemansa ba da abu mai daraja. Dalilinsu shi ne hadisin Anas cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ga dabino ɗaya a hanya ya ce ba don tsoron kada ya zama na sadaka ba ne da ya ci. Abin da ya ɗara wannan amma bai kai dukiya mai yawa ba, wasu malamai sun ce cigiyar kwanaki ta isa. Sai dai ma'aunin yana bin halin wuri, domin naira dubu a unguwar talakawa kuɗin abincin wani ne na yini. Abin da aka samu a gidan biki kuwa ya fi sauƙi, tunda mai shi yana cikin mutanen da aka sani, aika saƙo ga waɗanda suka halarta ya wadatar. Maganarki a kan tarbiyya gaskiya ce, kuma ya fi kyau uwa ta kama hannun yarinyar su koma inda ta tsinta su tambayi masu shagon wurin, ko da ba a samu mai shi ba.

Barista:
Ina yi wa Malam godiya, zan ƙara da ɓangaren doka, domin mutane da yawa suna zaton hukuma ba ruwanta da wanda ya tsinta. Kundin dokokin laifuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, ya yi magana a sashe na 308 a kan wanda ya mayar da dukiyar wani tasa ta hanyar rashin gaskiya, sashe na 309 kuma ya tanadi ɗauri da zai iya kaiwa shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Ɗaukar abin da aka yar da niyyar adana shi ba laifi ba ne. Laifin yana farawa ne lokacin da mutum ya mayar da shi nasa alhali ya san mai shi, ko yana da hanyar gano shi, ko bai yi wani ƙoƙari na hankali wajen nemansa ba. Direban da ya san inda ya ɗauki fasinja da inda ya sauke shi zai sha wuya ya gamsar da alƙali cewa ba shi da hanyar nema.

Abin da ya fi kawo mana mutane ofis a yanzu ma ba leda ba ce, kuɗin da suka shigo asusu bisa kuskure ne. Mutum yana zaune sai ya ji alat na kuɗin da bai san da su ba, maimakon ya sanar da bankinsa sai ya yi sauri ya rarraba su zuwa wasu asusun ko ya cire a wurin masu POS. Wannan ya fi kowace tsintuwa saurin tonuwa, saboda yawancin asusun banki suna ɗaure da lambar BVN, wadda aka fara amfani da ita tun 2014, kuma kowace naira tana barin sawu a inda ta bi. Wanda ya tura zai kai ƙorafi bankinsa, idan mai karɓa ya ƙi amincewa a mayar sai a nemi umarnin kotu, a rufe asusun, wani lokaci har da asusun 'yan uwan da ya tura wa. A ƙarshe zai biya abin da ya riga ya kashe, ya ƙara da kuɗin lauya, kuma matarsa ko ƙaninsa da ba su san komai ba su shiga cikin maganar.

Mai POS na Sabon Gari:
Barista ya faɗi gaskiya, kuma ina so in ja hankali a kan wani abu da yake da alaƙa da wannan, wato yadda 'yan damfara suke amfani da kwaɗayin tsintuwa da kuma tausayin masu son mayarwa. Tsohuwar dabararsu a tashoshin mota da bakin kasuwa ita ce ɗaya ya yar da ƙunshi a gabanka kamar bai sani ba, na biyu ya ɗauka ya ce maka ku koma gefe ku raba, kafin ka ankara na farko ya dawo yana kuka, a ce kowa ya fito da abin da ke aljihunsa a duba, daga nan kuɗinka na halal su tafi, ƙunshin kuwa takardu ne aka yanka aka rufe da 'yar dubu ɗaya a sama. Wanda bai sa rai da rabon ba, ba su da ƙofar shiga wurinsa. Sabuwar dabarar kuma ita ce a turo maka saƙon alat na ƙarya, sannan a kira ka da murya mai ban tausayi a ce an yi kuskure ka taimaka ka mayar. Don haka ko mayarwa za ka yi, ka fara duba ainihin abin da ke asusunka, kuma ka bi ta bankinka a mayar wa asusun da kuɗin suka fito, kada ka tura wa wata lamba dabam da aka karanto maka a waya.

Mai Sahu na Kurna:
Na gamsu da hukuncin, Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Amma har yanzu tambayata tana nan: wa zan kai wa, kuma me zai kare ni idan aka ce ba su cika ba?

Baba Dattijo na Mandawari:
Ɗana, abin da zai kare ka shi ne shaidu, kuma ba sabon abu ba ne. A da idan aka tsinci abu a cikin birni, wurin mai unguwa ake kaiwa, shi ya sanar da dagaci ko wakilin yankin idan abin yana da yawa, a kasuwa kuma akwai sarkin kasuwa da shugabannin layi. Ba a ƙirga kuɗi a ɓoye. Za ka kira limamin masallacinku da mai unguwa, a buɗe a gabansu, a ƙirga, a rubuta adadin a takarda, kowa ya sa hannu, yanzu ma da waya ta samu sai a ɗauki hoto. Wanda ya zo daga baya ya ce saura kaza, da mutum uku zai yi jayayya, ba da kai kaɗai ba. Kuskuren da matasa suke yi shi ne su riƙe abin kwana biyu ko uku su kaɗai suna shawara da zuciyarsu, sannan su fito da shi, to a nan ne zargi yake samun wurin zama.

Sai kuma yadda ake cigiyar. Gidajen rediyon garin nan suna karanta sanarwar cigiya, kuma masu adaidaita suna da shugabanni a tashoshinsu, inda mai kaya yakan fara zuwa tambaya. Amma kada a faɗi adadi ko launin leda, a ce dai an tsinci kaya a tsakanin wuri kaza da wuri kaza ranar kaza, mai shi ya zo da bayani. Idan ka faɗi komai a sanarwa, kafin la'asar za ka ga masu kaya goma.

Malam na Zaure:
Abin da Baba ya faɗa shi ne fiƙihun kansa. Abu Dawuda ya ruwaito daga Iyadu ɗan Himar umarnin cewa wanda ya yi tsintuwa ya kafa shaida da adili ɗaya ko biyu, kada ya ɓoye. Malamanmu kuma sun ce a yi cigiya a wuraren da ake zaton mai kaya zai nema, kamar ƙofar masallaci da kasuwa, duk bayan kwana biyu ko uku, ba tare da an bayyana siffar abin ba, domin siffar ita ce hujjar mai shi. A ƙofar masallaci aka ce, ba a cikinsa ba, saboda hanin da ya zo a Sahihu Muslim game da cigiyar ɓataccen abu a cikin masallaci. Ina faɗar wannan ne saboda na ga ana miƙa wa ladan sanarwa ya karanta a lasifika bayan sallame sallah.

Hajiya 'Yar Kasuwa:
Ni kuma ina da ƙorafi a kanmu masu kaya. Bai dace yaro ya ajiye aikinsa na yini, ya ƙona mai yana zagayen nemanka, ya kawo maka miliyoyi, kai kuma ka sallame shi da addu'a kawai ko da abin da bai kai kuɗin man da ya ƙona ba. Duk wanda ya yi haka ya sani cewa labarin zai zaga tashar adaidaita kafin dare, kuma ya sa wa na gaba da zai yar da kuɗinsa wahala. A ganina ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kwari da Singa da Dawanau su mayar da tukuici mai kauri al'ada sananniya. Malam, shin mai tsintuwa yana da ikon ya ce sai an ba shi wani kaso kafin ya miƙa?

Malam na Zaure:
Ba shi da wannan ikon, Hajiya, domin mayarwa wajibi ne a kansa, kuma ba a riƙe haƙƙin mutum a yi ciniki da shi. Amma idan mai kaya da kansa ya yi shela cewa duk wanda ya kawo masa yana da kaza, wannan alkawari ne halattacce kuma dole ya cika shi, malamai suna kafa hujja da aya ta 72 a Suratu Yusuf, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya zo da ma'aunin sarki. Kyautar da mai kaya ya bayar da daɗin ransa ba tare da sharaɗi ba ita ma halal ce, babu laifi a karɓa, kuma ina goyon bayanki cewa masu hali su yalwata hannu. Abin da nake jan kunne a kai shi ne masu shiga tsakani, waɗanda suke zuwa wurin mai kaya su ce sun san inda kuɗinsa suke amma sai ya yarda da rabi. Wanda ya karɓi kaso ta wannan hanya, da shi da wanda ya aiko shi, abin da suka karɓa yana nan a wuyansu har sai sun mayar, ko da mai kayan ya ce ya yarda, tunda yardar da aka samu ta hanyar riƙe masa dukiyarsa ba yarda ba ce.